Jarfar Faleafa

Taurin kai irin na Faleafa sai dai a sa masa ido. Shekara da shekaru ciwon baya yana cinsa, yana gangarowa ƙafar hagu kamar an zuba masa garwashi, amma duk likitan da ya ambaci tsaga bayan, sai ya ɗauki hularsa ya fice. Jarfarsa yake karewa. Tun yana saurayi a tsibirinsu na Savai'i ya kwanta a tabarma aka buga masa ita, daga kwankwaso har gwiwa, ya sha azabar da ba ta faɗuwa, kuma tsohon da ya yi aikin ya daɗe da rasuwa. In wuƙa ta raba layukan, wa zai haɗa su?

"To zauna da abarka," in ji matarsa Sieni. "In ka gurgunce sai mu rataye ka a bango, jama'a su zo kallo."

Bikin Lupe ne ya karya shi, 'yarsu tilo. A al'adarsu rawar ƙarshe ta amarya ce, kuma uba mai jarfa ba ya kallonta daga kujera. Riga yake tuɓewa, ya shafe jiki da man kwakwa, ya yi ta tsalle da ihu a bayanta.

"Baba, kai nake so a bayana," ta ce. "Ba kowa ba."

Haka Sieni ta ja shi wurin wata likita a birnin Brisbane, Dakta Halloran.

"Ba tsagawa zan yi ba," in ji likitar. "'Yar huda ce, ba ta wuce farce ba. Siririn bututu mai kyamara zan zura, in ciro guntun guringuntsin da ya danne jijiyar. Ga ma ɗan fili nan tsakanin layi biyu, ta nan zan shiga. Ɗaga mini yatsun ƙafar nan."

Ya yi ta kokawa, yatsu suka ƙi.

"Tun yaushe take haka?"

"Kwanan nan ne."

"Ƙarya yake yi, likita," Sieni ta ce. "Tun bara waccan yake tuntuɓe da bakin tabarma."

Likita ta faɗa masa gaskiya: ciwo zai tafi, batun ƙafa kuwa ba ta yi alkawari ba. Faleafa rabin farko kawai ya ji, ya bar wa matarsa sauran.

Ran da aka yi aikin, ran nan ya koma gida da ɗan filasta a baya, ciwo ya ɗauke ɗif. Da aka cire filastar, maza suka cika garejinsa a unguwar Logan, ana cin gwaza ana leƙen bayansa, an rasa tabon.

"Yaya, anya an taɓa ka kuwa?" in ji ƙanensa Tolo. "Ko barci ka je ka sha a gadon asibiti?"

Aka yi dariya, har da shi. Amma da ya tashi raka su ƙofa, ƙafar tana binsa tana faɗuwa ƙasa, fat, fat, kamar silifa mai tsinkakken igiya. Watanni suka shige, ana gashi ana motsa jiki, ba ta canza ba.

Da suka koma, likita ta gama gwajinta ta ja kujera kusa da shi.

"Jijiyar ta daɗe a danne, Faleafa. Na ɗauke mata nauyin, amma ta riga ta mutu. Akwai takalmin roba da zai riƙe maka ƙafar."

"Ki tsaga," ya ce. "Ki tsaga bayan gaba ɗaya, ki bi ta kan jarfar. Na yafe."

"Babu abin da ya rage in ciro."

Sieni ta miƙa masa hularsa, suka fice.

Ran biki zauren coci ya cika maƙil. Faleafa ya cire takalmin robar ya tura ƙarƙashin tebur, don ba a rawa da shi. Ya tuɓe riga, ya sha mai yana ƙyalli, tsofaffin mata suna guɗa. Lupe ta shiga fili ta ba shi baya, hannuwanta suna lanƙwasa a hankali. Faleafa ya yunƙura ya taka, yatsu suka kama daɓe, ya zube kan gwiwa. Sieni ta ɗago shi ta mayar da shi kujera kafin ido ya yi yawa, sannan ta yi wa Tolo nuni da haɓa.

Tolo ya daka tsalle cikin fili da rigarsa a jiki, ya ƙwala ihu. Muryarsu ɗaya da yayansa. Lupe ta ji ihun a bayanta, fuskarta ta cika da murmushi, ta ƙara sakin jiki. Faleafa kuwa ya san kiɗan sarai, ya san inda amarya ke juyowa.

Ta juyo tana murmushi, ta ga kawunta. Idonta ya bi zauren yana nema, har ya tsaya a kan kujerar. Hannuwanta suka sauka, makaɗa kuwa ba su lura ba, suka ci gaba da kiɗa.