Ledar da Warsito Bai Ɓare Ba

Ina tsakiyar suyar tempe, wainar waken soya, a bakin layinmu a Semarang, wajen ƙarfe goma na safe, wayata ta yi ƙara. Lambar mijina Warsito ce, amma muryar ba tasa ba. Mutumin ya ce babbar mota ta buge wani mai babur, a aljihunsa suka sami wayar. Ko wutar kaskon ban kashe ba, maƙwabciya ce ta kashe.

A jakarsa aka sami sabon akwatin wutar kwamfuta. Wata huɗu Warsito yana sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, saboda 'yarmu Laras da ke koyon zanen gine-gine. Da hannunsa ya haɗa ta, yana bin bidiyo a waya. In an kunna sai fanka ta juya, allo ya yi haske, kafin a ƙirga sittin ta mutu. Ya ce laifin akwatin wutar ne, ya tafi shago aka canza masa. A hanyar dawowa abin ya faru.

Har aka yi addu'ar arba'in Laras ba ta koma makaranta ba. Ta lulluɓe kwamfutar da zane.

Na ce, "Nduk, 'yata, zaman ya isa haka."

"Na bar karatun, Bu. Saboda kayana ya fita. Ba don ni ba, da yana nan."

Washegari na kira Pak Gunadi, abokin Warsito mai gyaran rediyo da waya. Ya ɗaura sabon akwatin wutar, ya kunna. Ta mutu kamar da. Laras tana tsaye a bakin ƙofa, na ga ta juyar da kai.

Ya zare wasu sanduna biyu daga ciki, ya hau goge bakinsu da abin goge fensir.

"Da wannan kake gyara wa mutane kaya, Pak?"

"Shekara ashirin, Bu Tumini, ba wanda ya taɓa dawowa."

"To ai sun gane ka ne."

Ya yi dariya, ya mayar da su. Ta sake mutuwa. Ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya yana dannawa, babu wadda ta saki. Can ya ɗora yatsa a kan wani ƙarfe mai fanka.

"Ƙwaƙwalwarta tana ƙarƙashin wannan. Ina zargin zafi take ɗauka, sai ta kashe kanta. Wannan ƙarfen ne ya kamata ya janye zafin, amma taɓa ki ji, da ƙyar ya yi ɗumi."

Ban san komai a kan kwamfuta ba, aji huɗu na tsaya. Amma shekara ashirin da shida na zauna da mutumin da ya haɗa ta. Na dubi kujerun falonmu, shekara tara suna cikin ledarsu. Na dubi abin canza tashar talabijin, shi ma a leda. Warsito ba ya ɓare sabon abu, wai kada ya tsufa.

"Pak, ƙarfen nan yana zuwa da leda a ƙasansa?"

"Yana zuwa. Amma ai kowa ya san ana ɓarewa."

"Kowa ban da abokinka."

Ya ɗauki sukurudireba zai kwance. Sai na ji muryar Laras a bayana.

"Ba haka ba, Pak, za ka lanƙwasa shi. Kaɗan-kaɗan ake sassauta kowace kusurwa. Kawo."

Ta ɗaga ƙarfen, ta share farin man da babanta ya shafa. Ga leda nan a manne, da jan rubutu. Ta karanta mana: a cire kafin a ɗora.

"Kai, Bapak!" in ji ta, haka take kiran babanta. Dariya ta fara, ta ƙare da kuka. Na riƙe ta.

"Kin gani? Ba ke ba ce, Nduk. Kwanansa ne ya ƙare. Ledar kuwa halinsa ce, ni na sha fama da shi tun ba a haife ki ba."

Ita ta ɓare, ta shafa sabon mai, ta ɗaure. Muka kunna. Ni da Pak Gunadi muna ƙirgawa a fili, muka wuce sittin, muka wuce ɗari. Ranar Litinin ta koma makaranta.

Ledar tana cikin gwangwanin da nake ajiye katin shaidar Warsito. Kujerun ma ban ɓare su ba. Kullum da safe, kafin in ɗora kasko, nakan danna maɓallin kwamfutar in tsaya ina ƙirgawa. Sai na wuce sittin nake fita.