Bayan Katangar Maƙabarta

Ina riƙe da kyandir a bakin gado lokacin da Fada Crisanto ya sake maimaita tambayar.

"Nicanor, ka yarda Paparoma ba ya kuskure in ya yanke hukunci a kan bangaskiya?"

Maƙwabcina Don Nicanor, tsohon kafintan da ya sassaƙa bencinan cocinmu, ya buɗe ido da ƙyar. "Fada, Bitrus ma ya ce bai san Yesu ba kafin zakara ya yi cara. Magajinsa ya fi shi ne?"

Tun da labarin sabon hukuncin cewa Paparoma ba ya kuskure ya iso yankinmu na Antioquia daga Roma yake faɗin haka a kasuwa, har maganar ta kai kunnen bishop, shugaban su Fada. Umarni ya zo: ko ya janye, ko a binne shi bayan katangar maƙabarta, inda ake kai waɗanda coci ta kora.

Matarsa Eduviges ta durƙusa, hannunta duk ƙullun masara. "Ka ce i mana, tsohon banza! Lucinda tana ciki ita kaɗai. Kai ka sayi gurbin da ke kusa da ita."

Lucinda 'yarsu ce tilo, zazzaɓi ya ɗauke ta tana ƙarama.

"Ki daina min kuka a kan riga, mata." Ya laluba kanta. "Ƙaryata ta ƙarshe kike so in kai wa yarinyar?"

Fada ya sunkuyo. Abokin gardamar Don Nicanor ne tun suna samari. "Ba sai ka furta ba, mai taurin kai. Matsa hannuna kawai, ni zan shaida."

Ya miƙa hannu. Don Nicanor ya dube shi, ya yi ɗan murmushi, ya tura hannayensa ƙarƙashin bargo.

Fada ya janye hannunsa. Daga bisani ya mayar da kwalbar man da ake shafa wa mai shirin mutuwa aljihu, ya fita yana share ido da hannun riga.

Kafin rana ta karkata Don Nicanor ya cika. Ba a kaɗa masa ƙararrawa ba.

Washegari Eduviges da kanta ta nuna wa masu haƙa wuri, jikin katanga ta waje, daidai saitin kabarin Lucinda. Da aka gama rufe shi ta raba furannin hannunta biyu. Ta ajiye rabi a kan jar ƙasar, ta yi ɗage ta jefa sauran ta saman katanga, sannan ta jingina kunnenta da dutsen katangar.