Teku a Mayo Yedzaram

"Wannan ba waƙa ba ce, ƙorafi ne," in ji Hedimasta Vandi, ya tura takardar gefen tebur.

"Layi uku ne, ranka ya daɗe. Gaɓa biyar, bakwai, biyar. Na ƙirga," in ji Kalibu.

"Ban ce ba ka iya ƙirga ba."

Wata biyar ke nan da Kalibu ya gama sakandare, aka ɗauke shi malamin wucin gadi a wata firamare a Lamorde. Sai ga takarda daga ofishin ilimi: wata Baturiya tana son kowace makaranta ta aiko da waƙa irin ta mutanen Japan, wai ita haiku, a kan bazara da bakin teku. Vandi ya ɗora masa aikin, ya kuma faɗa masa ƙarara: in waƙa ba ta yi ba, ƙarshen wata ya koma gona.

Vandi ya sake karantawa da muryar mai sanar da rasuwa.

"Kogi ya ƙafe,
mata na tonon yashi,
tulu ba ruwa.

Ina daɗin yake? So kake a ce shekara huɗu da samun 'yanci har yau ba mu waye ba?" Ya nuna kalandar da ke bango. Turawa ne kwance a yashi, rabinsu tsirara, suna dariya. "Ga bazara. Ga teku."

"Ka taɓa ganin teku, ranka ya daɗe?"

"Na ga Binuwai a Yola. Sau biyu. Kafin a tashi nake son ta."

Kalibu ya fita. Rana ta take tsaka, watan Afrilu. Ya gangara kogin Mayo Yedzaram, inda babu komai sai yashi fari da ramukan da mata suka tona. Ya ce a ransa, wataƙila akwai abin da Bature ya sani. Ya tuɓe riga, ya ninke, ya kwanta rigingine kamar na kalanda.

Yashin ya kama bayansa kamar kaskon suya. Ya cije. Ya rufe ido yana jiran daɗi ya zo.

Ruwa ne ya zo, tulu guda, a fuska.

Gwaggo Liyatu ce, ƙanwar babansa. Tun hantsi take durƙushe a bakin rami tana tara ruwan nan da ƙoƙo. Da ta ga ya tashi zaune lafiya lau, sai ta dubi tulun, ta dube shi.

"Ba suma ka yi ba?"

"Aiki nake yi, Gwaggo."

"Wa ya sa ka?"

Ya faɗa mata. Ta jira ya zaro fensir ya rubuta layi uku a kan gwiwarsa, sannan ta ɗauki tulun ta bi shi har ofis.

Vandi ya karanta, fuskarsa ta washe.

"Iska mai sanyi,
muna kwance a yashi,
teku na murna.

Yauwa. Ka ga abin da ilimi ke yi? Aikinka ya zauna, Malam Kalibu."

Kalibu ya ce ya gode. Rigar ta manne da bayansa inda fata ta tashi.

Vandi ya lura da matar da ke bakin ƙofa. Da fara'ar mai koyarwa ya kira ta, ya nuna mata kalandar, ya bayyana mata yadda mutanen da suka ci gaba ke hutawa: su kwanta a yashi tun safe har yamma, ba abin da ya dame su.

Liyatu ta matso. Ta daɗe tana duban hoton, mutum ɗaya bayan ɗaya, har gefen takarda. Ta gyara tulun a kwankwasonta.

"To, Malam, su da suke kwance ɗin nan duka, wa ke ɗebo musu ruwa?"