Kaskon Dada

Ɗalhatu mutumin Gembu ne, amma in ba faɗa maka aka yi ba, ba za ka sani ba. Zaman Dubai ya wanke shi tas. Injiniyan lantarki ne a wani kamfanin gine-gine, yana haya a Abu Hail da matarsa Murjanatu, 'yar Kano, da 'ya'yansu biyu waɗanda ba su taɓa ganin saniya tana kiwo ba sai a waya. Duk shekara in hutu ya zo Kano ake sauka, a sha zumunci a gidan surukai, a juyo. In an ce masa Gembu fa, sai ya ce hanya. Hanyar kam ba ta da daɗi, amma ba ita ta hana shi ba.

Mahaifiyarsa ce ta hana shi, Dada.

Shi ne ɗan fari, ita kuwa Bafulatana ce da ba ta wasa da kunya. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta aike shi sai ta dubi bango ta ce, "Wani ya kai wa maruƙa ruwa," alhali su biyu ne kaɗai a tsakar gidan. Ƙanensa Sanda kuwa ta kira shi, ta yi masa faɗa, ta yi dariya da shi har da tafawa. Ɗalhatu ya san al'ada, a cikinta ya tashi, kuma a can bai taɓa jin ciwon abin ba, don duk ɗan farin unguwarsu haka yake. A Dubai ne abin ya fara cin sa. Nan ya ga ƙaton Balarabe da gemunsa yana sumbatar goshin uwarsa a filin jirgi, ita kuma tana ta habibi habibi kamar jiya ta yaye shi. Shi kuwa in ya buga waya, da Dada ta ji muryarsa sai ta amsa gaisuwa a gajarce ta miƙa wa Sanda. Zuwansa na ƙarshe, lokacin rasuwar mahaifinsu, ranar da zai tafi ko ƙofar gida ba ta rako shi ba, tana can bayan ɗaki tana wanke ƙorai. Ya shiga mota yana cewa a ransa, to ai shi ke nan, tana da Sanda. Bai fasa yi mata aike ba, amma ƙafarsa ba ta sake takawa can ba. Gaskiyar magana fushi yake yi, irin fushin da babba ke jin kunyar faɗa.

Sai ga Julius. Mutumin Pankshin ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a kamfaninsu, wanda Allah ya ɗora wa son hawan dutse. Mutum ya wuni a kan rufin bene cikin zafin da ke narkar da takalmi, ranar Asabar kuma maimakon ya kwanta ya huta, sai ya ɗauki sanda da gorar ruwa ya bi 'yan Filifin zuwa duwatsun Hatta.

"Injiniya, hutun bana garinku zan je," ya ce masa wata rana. "Na gaji da duwatsun nan masu sanƙo. Tsaunin Mambila nake so in taka."

"Da damina? Kai dai a kai ka asibiti."

Ɗalhatu ya ce zai ba shi shawara a taƙaice, amma da ya buɗe baki sai bakin ya ƙi rufuwa. Ya faɗa masa yadda mota ke nishi in ta bar Mayo Selbe ta kama hawa, kunnen mutum ya toshe, iska ta sauya kamar an buɗe firji. Ya faɗa masa gonakin shayi, da shanu jajaye a kan tudu, da yadda gajimare ke saukowa har tsakar gida ya jiƙa shanya. Ya ce ya sayi takalmin roba a kasuwar Nguroje, ya bar wannan takalmin nasa na 'yan gayu. Ya ce kar ya sha kindirmon bakin tasha, ya bari sai ya shiga gari. Julius dai yana kallonsa yana murmushi, don bai taɓa jin Injiniya ya yi doguwar magana a kan abin da ba waya da fis ba.

Kafin tafiyar, Ɗalhatu ya ratsa Murshid Bazaar da rana tsaka, tsakanin masu tura kaya da masu ɗaure kwalayen kago, yana gumi yana neman bargo mai kauri. Mai shagon ya dube shi ya dubi rana, ya ce, "Habibi, Rasha za ka?" Ya zaɓi ruwan ƙasa, don ya san Dada ba ta son abu mai ƙyalli. Ya ba Julius ya ce ya miƙa wa Sanda, ya kwana a masauki, kar ya takura wa mutanen gida.

Da Julius ya dawo, suka haɗu da yamma a wani ɗan shagon shayi a Karama. Ya yi duhu, ya rame, sai murna yake kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya tura masa waya ya ga hotuna. Ga Sanda ya yi furfura a gemu, abin da Ɗalhatu bai sani ba. Ga hanyar rafi da suke bi da shanu, ga itatuwan turaren da mahaifinsu ya dasa sun wuce rufin gida. Ɗalhatu yana ja da yatsa a hankali, ƙamshin hayaƙin ɗanyen itace yana dawo masa a hanci, har shayinsa ya huce bai sani ba.

"Masaukin naka dai bai yiwu ba," in ji Julius. "Ruwa ya tare ni a gidanku ranar da na kai bargon. Sanda ya ce khalas, magana ta ƙare, ba inda za ni. A ɗakinka na kwana."

Ɗalhatu ya dafe kai. Ya san Gembu. Ɗakin da aka rufe wata guda da damina, takalmi kore yake komawa, katifa ta yi funfuna, bango ya riƙa gumi. Nasa kuwa shekaru ne.

"Ka yi haƙuri, Julius. Wari bai kashe ka ba?"

"Wane wari? Ɗaki a bushe ƙarau, da ɗumi. Akwai kaskon garwashi a tsakiya. Mama da kanta ta shigo da shi kafin magariba, ta ɗaga katifa, ta kaɗe labule, ta fita."

"Dada akwai karɓar baƙo," Ɗalhatu ya ce.

"Ni ma haka na zata. Da safe na je na durƙusa ina ta godiya, na ce Mama kin wahalar da kanki saboda ni. Sai kawai ta shige madafa. Sanda ne ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, kai ne baƙo, amma wutar ba taka ba ce."

Ɗalhatu ya ajiye wayar.

"Ya ce tun da mai ɗakin ya tafi, in damina ta faɗi ba yammar da ba ta kai kaskon nan. Ko zazzaɓi take yi ba ta yarda wani ya kai mata. Ya taɓa ce mata a zuba buhunan masara a ɗakin tun da ba kowa, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. In ka tambaye ta dalili, sai ta ce katifar take tausayi." Julius ya kurɓi shayi. "Na nuna mata hotonka ma, ta kau da kai. Ni dai al'adarku ta fi ƙarfina, Injiniya."

Ɗalhatu ya kai dubansa bakin ƙofa. A waje motoci suna ta wucewa, wani yaron shago yana kiran yalla yalla, a yi sauri. Shi kuwa yana ganin hannun nan nata mai jijiyoyi riƙe da kasko, tana tsallaka tsakar gida cikin yayyafi, ta kare garwashin da gefen mayafi. Kewa ta taso masa, da kunya, har ya rasa wadda ta fi nauyi. Shekara da shekaru yana jiran ta faɗi magana irin ta matan filin jirgi, ita kuwa tana can tana hura wuta.

Bai jira ya koma gida ba. Ya fita bakin shagon, cikin hucin nan mai kama da numfashin tanda, ya kira lambarta. A can la'asar ce. Ta ɗauka, ya gaishe ta da Fillanci, ta amsa a gajarce kamar kullum, sai ya ji ƙarar wayar tana sauya hannu. Wannan karon bai ji haushi ba.

"Sanda, ka sa ta a lasifika," ya ce. Ya gyara murya. "Ka gaya wa mutanen gida muna tafe ƙarshen wata. Har da Murjanatu da yara. Ba za mu tsaya Kano ba."

Ba abin da yake ji sai ruwa yana dukan kwano, da kukan ɗan maraƙi daga nesa. Har ya zaci layin ya yanke.

Can sai muryar Dada ta taso daga gefe, ba da shi take ba, ba da kowa take ba, irin yadda take yi wa bango magana tun yana yaro.

"Wani ya ce wa matarsa ta sayo wa yaran nan rigunan sanyi."

Sannan ta ɗaga murya.

"Sanda! Itacen nan ba zai isa ba, sai an ƙaro."