Ranar Da Aka Ja Tsohuwa

"Sake murzawa!" in ji bakanike, kansa na cikin bonet.

Sanƙo ya murza makulli. Motar ta yi tari kamar za ta amsa, sai ta yi shiru. Tun hantsi suke fama a gefen babban titi, manyan motoci na wucewa suna watsa musu iska mai zafi. Sun canza batir, sun hura bututun mai, har lallashinta bakanike ya yi, amma ko gezau.

Janwe ce, motar jan motocin da suka mace a hanya, kuma ba ta Sanƙo ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, Ƙugiya, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Shi ya koya wa Sanƙo sana'ar tun yana da gashi a ka. Sunan Ƙugiya kuwa ya samo shi ne daga wani yatsansa da sarƙa ta matse, ya warke a lanƙwashe. A nan gefen titin, kwanakin baya, yana durƙushe yana ɗaure wata ƙaramar mota, wani direba ya kwaso gudu ya kwashe shi, ya kuma daki gaban janwen. Asibiti sun yi iya yinsu, daga baya suka ce a mai da shi gida. Kowa ya gane abin da suke nufi.

Da Sanƙo ya shiga duba shi da safe, abu ɗaya ya roƙa.

"Ka kawo min Tsohuwa ƙofar gida in gan ta. Amma da ƙafarta. Kada wanda ya sa mata sarƙa."

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce rigimar mara lafiya ce. Amma wanzami ba ya son jarfa. A wurin masu janwe babu abin kunya kamar a ga janwe a bayan janwe. Duk wanda hakan ta faɗa wa, sai ya shekara yana shan tsiya a inda suke zaman jiran kira, ƙarƙashin gada. Ƙugiya kuwa shi ne sarkin masu tsiyar, don tun da ya sayi Tsohuwa ba a taɓa janta ba. In ta mutu a daji, sai ya kwana a ƙarƙashinta har ta tashi. Ba shi da gidan bene, ba shi da gona. Wannan ce taƙamarsa a duniya.

Bakanike ya fito da kai, ya share hannu a wando.

"Gaskiya ɗaya ce, famfon mai ya fashe. Ko yau aka samo wani, sai jibi."

"Jibi?" Sanƙo ya ce. "Kai ka ga mutumin kuwa?"

Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara. Matar Ƙugiya ce.

"Ƙanina, kuna ina? Jikin fa ya ƙi. Ko ruwa bai karɓa ba. Da ya ji motsin mota sai ya ce in ɗaga labule."

"Ga mu nan, Yaya. Ki ce masa ga mu nan."

Ya kashe wayar, ya tsaya yana kallon tasa janwen da ya ajiye a gaba. In ya bi umarni, mutumin zai tafi bai ga motarsa ba. In ya karya, shi ne zai rushe abin da maigidansa ya gina tun ƙuruciya, kuma da hannun da ya koya wa aiki.

Ya je ya juyo da motarsa.

Ta baya ya ɗaga ta, don kada tayoyin baya su yi ta juyi a ƙasa su cinye giya. Ya ɗaure sitiyari da igiya tam. Da zai maƙala ƙugiya sai da ya naɗa tsumma a wurin, kada ta kankare fenti. Bakanike ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskarsa, ya haɗiye.

Haka Tsohuwa ta shiga gari da baya da baya, hancinta na kallon inda ta fito. Babu wata hanya sai ta ƙarƙashin gada. Sanƙo ya so ƙasa ta tsage ya shige. Masu janwe na zaune a kan bencinsu, ana musun ƙwallo. Da suka hango abin da ke tafe, musun ya mutu. A wata rana da tuni an cika wurin da ihu da hon. Yau babu wanda ya ce uffan. Wani dattijo a cikinsu ya miƙe ya cire hula, sauran ma suka miƙe. Da Sanƙo ya duba madubi, sai ya ga sun bar motocinsu sun cika bayan wata a-kori-kura, suna biye.

Layin su Sanƙo gangara ne, daga kwanar mai faci har ƙofar gidan. A kwanar ya tsaya, ya sauke ta, ya kwance sarƙa. Ya faɗa musu shawarar da ya yanke a hanya.

"Za mu juya ta mu sake ta a gangara, ni ina kan sitiyari. Ta labule zai ga ta shigo da kanta."

"To ƙarar injin fa?" in ji dattijon. "Mota ba ta tafiya shiru kamar ɓarawo."

"Ka hau tawa ka biyo ni a hankali, ka riƙa ba ta wuta. Ka tsaya nesa da taga."

Duka suka ce dabara ta yi. Manyan mutane masu furfura, kowa ya sa kafaɗa, ana nishi ana "tura, tura". Babu wanda ya tsaya ya tuna wa za su yaudara.

Tsohuwa ta gangara. Sitiyarin ya yi tauri kamar an dasa shi, birkin ƙafa ya ƙi ji, sai da Sanƙo ya riƙa jan na hannu kaɗan-kaɗan. Mata suka leƙo daga ƙofofi. Mai shago ya fito da buhu a hannu. Daidai tagar ya tsayar da ita, wani ya yi maza ya sa dutse a taya.

Ɗakin na warin man zafi. An tokare Ƙugiya da matasai, matarsa na riƙe da gefen labule. Mutumin da muryarsa ke tsallaka katanga kullum da safe yana cewa "Sanƙo, rana ta fito a kanka!" yanzu sai an sunkuya ake jinsa. Idonsa na kan motar. Ya daɗe yana kallonta, fitilar da ta fashe da bambar da ta lotsa.

"Ta iso, maigida."

"Da ƙafarta?"

Sanƙo ya dubi ƙasa. "Da ƙafarta ta shigo layi."

Gefen bakin Ƙugiya ya motsa.

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Injinka ne na ji tun daga kwana. Har yanzu ba ka gyara salansar nan ba."

Matar ta sa gefen mayafi ta toshe baki, ba a san dariya take ko kuka ba. Sanƙo ya durƙusa a gaban gadon.

"Ka yafe min. Famfon mai ne. Sun ce sai jibi, ni kuma na ji tsoro."

Ƙugiya ya juyo da ido kansa. Daga waje ana jin 'yan gada suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ta ina ka ɗaga ta?"

"Ta baya."

"Sitiyari fa?"

"Na ɗaure."

"Ka sa tsumma?"

"Na sa."

Ƙugiya ya lumshe ido. Hannunsa ya lalubo a kan bargo har ya sami wuyan hannun Sanƙo, ya riƙe ba ƙarfi.

"Sun yi min tsiya a gada?"

"Ko mutum ɗaya. Ga su can a waje, su suka turo ta."

"Ragwaye. Da ni ne, da sai na yi." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "In dai sai an ja ta, gara da kai ne."

Bai ƙara wata doguwar magana ba. Ya ce a bar labulen a ɗage, aka bari. Washegari da hantsi ya cika, fuskarsa na wajen taga.

Bayan an kai shi, mutane sun watse, matar ta aiko wa Sanƙo da makulli, ta ce a rufe gilasan motar don hadari na haɗuwa. Ya hau ya zauna. Hular aikin mutumin na rataye a jikin madubi, ga ƙoƙon shayinsa a kife. Kewa ta taso masa har ya rasa inda zai sa kansa. Ya so a ce ya ji an buga ƙofar an ce, "Sauko min daga mota, kai!" ko sau ɗaya.

Ya murɗa gilasan suka rufe. Da zai sauka sai ya lura kujerar na matse da sitiyari. Shi ya jawo ta gaba jiya don ƙafarsa ta kai birki. Ya sa hannu a ƙasa ya ja ƙarfen, ya tura ta baya, har inda dogayen ƙafafun suka bar ta. Sannan ya sauka, ya tura ƙofar a hankali, yayyafi ya fara sauka a kan bonet.