Rabon Mata a Bakin Teku

A ƙauyen su Vinka, can gaɓar Dalmatiya, in uba zai raba gado, maza ke kwashe gonakin zaitun na kan tudu, mata kuma a tura su bakin teku, inda ba abin da ke tsirowa sai duwatsu. Haka Vinka ta tashi da tsohon gidan ajiye tarun kamun kifi, yayanta Frane ya tashi da itatuwa ɗari biyu. Shekara arba'in yana yi mata dariya.

To, sai ga Jamusawa da mutanen birnin Zagreb sun gano tekun. Cikin shekara biyar farashin gidajen bakin ruwa ya ninka uku, gonar tudu kuwa ko kyauta sai an roƙi mutum. Duk wata sai dillali ya zo da takalminsa mai ƙyalli ya ƙara mata a kan tayin baya. Maƙwabta duk sun sayar. In sanyi ya shigo, hayaƙin girkinta kaɗai ke tashi a layin.

Abin da ke cin ranta shi ne Nevena, 'yar Frane, ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta tsallake Lahadi ba ta zo sun sha kofi ba. Ita da saurayinta sun shekara biyu suna neman gida, ko ɗaki ɗaya ya gagare su. Sun ce ana gama biki za su tafi Jamus. Wallahi tun da Vinka ta ji, abinci ya daina yi mata daɗi.

Ranar Asabar dillali ya zo da takardu, sai ga Frane a bayansa, har da rigar zuwa coci.

"Yaya, ɓatan hanya ka yi? Tudu can sama yake."

"Ke dai ba ki da dama. Yuro dubu ɗari huɗu fa, Vinka. Sa hannu kawai. Ai gidan Baba ne, in kin ga dama ki tuna da ɗan'uwanki."

"Yau kuma gidan Baba ya zama? Da can ai ɗakin ɓeraye ne."

Dillali ya yi tari, ya ce otal masu sayen za su gina a wurin, kuma irin wannan tayin ba ya zuwa sau biyu.

"Ɗana, sha kofinka ka tattara takardunka," Vinka ta ce wa dillali. "Jiya na je wurin lauya. Na rubuta wa Nevena gidan. Su zauna a sama, ni ina ƙasa ina damun su da surutu har in mutu. Rabon mata ne, hannun mace zai koma."

Dillali ya miƙe, ko kofin bai taɓa ba. Frane kuwa ya zauna daɓas a kan benci, bakinsa a buɗe.

"Ke nan ba za ta tafi ba?"

"Ina za ta je? Jikokinka a nan za su koyi iyo."

Tsohon ya cire hularsa, ya daɗe yana murza ta, idonsa ya cika taf da hawaye. Can ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya share hanci da bayan hannu.

"Wannan rufin yoyo yake yi," ya ce. "Ba a sa amarya a ƙarƙashinsa. Ranar Litinin zan zo da tsani."