Inda Ake Ɗaga Filafili

Ɗanmaliki ya ce shi ya fara ganin ruwan. Kafin liman, kafin maigari, shi ne ya dawo daga gona ya tarar tafki ya kwanta a kan tsohuwar unguwarsu kamar an shanya shuɗin zane. Shekara sittin ke nan, kuma cikin waɗanda suka kwashi gero a ka ranar, shi kaɗai ya rage yana taunar goro.

Yau baƙo ya ɗauko a kwalekwalensa: Nasiruddeen, ma'aikaci daga Tambuwal, wanda aka turo ya zaɓi inda za a kafa turakun ƙarfe don mashigar masu yawon buɗe ido. Takardarsa ta nuna gaɓar gabas. Can kuwa, ƙarƙashin bado, makabarta take, can aka rufe Ummu, mahaifiyar Ɗanmaliki.

Tsohon yana tuƙi yana nuni da haɓa. Nan marina ce, nan rumfar mahauta, nan ya kayar da wani ɗan kokawar garin Fakku har sau uku. Nasiruddeen ya leƙa, bai ga komai ba sai gajimare na tafiya a hankali cikin ruwa, da fuskarsa a tsakiya.

Da suka kai gabas, Ɗanmaliki ya zare filafili ya ɗora a cinya, ya yi wa na ƙasa sallama. Jirgin ya ci gaba da zamewa shi kaɗai. Har balbelu suka yi tsit.

“Baba, babu makabarta a taswira,” in ji Nasiruddeen a hankali.

“Taswira tana nan sa'ad da muka haƙa? Ɗana, ban iya karanta baƙi ba, amma na san inda uwata take.”

Baƙon ya buɗe baki, sai ya hango wani masunci can nesa, wanda bai ko dubi wajensu ba. Yana isowa daidai makabartar, shi ma ya ɗaga filafilinsa yana ɗiga. Na bayansa ma haka.

Nasiruddeen ya daɗe yana kallo. Sannan ya ninke takardar, ya tambaya ko gaɓar yamma tana da zurfi.

“Tana da shi,” in ji Ɗanmaliki. “Ni nika faɗa maka. In manyanku sun musa, su zo su tuɓe riga su nutsa. Zan riƙe musu jirgin.”